Ɗan Wasan Challawa da Kujerar Bakin Get

Shekara ashirin da biyu ina gadi a wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda ake buga bokiti da baho da buta. In ka taɓa yin alwala da shuɗiyar buta mai karkataccen baki, to ta gabana ta wuce. Karatuna bai haura aji uku ba, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya. Amma ina da abu biyu da masu digirin kamfanin ba su da su: kujera a bakin get, da murya. Kujerar ta katako ce, an tokare ƙafarta ɗaya da guntun bulo, ta lotsa daidai ƙuguna har ba ta karɓar kowa sai ni. Muryar kuwa, in na ƙwala kira daga get, ana amsawa a kamfanin da ke bayanmu. Saboda ita aka naɗa ni ciyaman na magoya bayan kulob ɗin kamfani, ni da rabona da taɓa ƙwallo tun wadda muke ɗaurawa da tsumma.

Kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai suna da gasar ƙwallo ta ma'aikata, ana bugawa ranar Asabar da yamma. Dokarta ɗaya ce mai ƙarfi: ba mai saka riga sai ma'aikaci na gaske, mai katin shaida. Don haka a wurinmu sayen ɗan wasa shi ne a ba shi aiki. Mako biyu kafin gasa ake buɗe kasuwa, a rufe ranar Juma'a ƙarfe huɗu, kowane kamfani ya ɗauki hoton fom ɗinsa ya tura wa kwamiti ta waya. A cikin makonni biyun nan za ka ga abin mamaki. Na san wani kamfani da ke da masu kula da sito guda biyar, uku daga cikinsu ba su san ta ina ake shiga siton ba, amma in suka ɗauko ƙwallo daga tsakiya sai dai gola ya yi salati.

Mu ciwonmu lamba tara. Wanda muke da shi ya yi aure a ƙauyensu ya koma noman rani, muka shekara ana buga mana kamar gangar biki. Da aka buɗe kasuwa muka zuba ido. Mako guda ya wuce, sai ga labari an ɗauki sababbin ma'aikata biyu, dogaye. Muka yi ta murna a teburin mai shayi, har wani ya ce a ƙara masa ƙwai. Ashe 'yan lodi ne, an ɗauke su don su riƙa kai hannu saman tirela. Kocinmu, wani ɗan kudancin Kaduna da ke gyaran inji, ya gwada su a fili, ya dawo ya ce duk su biyun sai dai gola, don ƙafarsu ba ta san ƙwallo ba sai hannu.

Muna da gola tun da. Yanzu mun tara uku, raga kuwa ɗaya ce.

"Wai su manya ƙwallon hannu suka shigar da mu ne?" in ji ni a teburin shayi. "Ko za a jera su ne a raga kamar sahun salla?"

Akwai wanda kowa ke so. Wani matashi ne a kamfanin fata na Challawa, aikinsa zuba wa ƙiraga gishiri. Ƙafar hagu gare shi kamar guduma. Wasu na cewa rabin ƙwallayen da yake ci warin fata ne ke ci masa, don 'yan baya ba sa iya matsowa kusa da shi. Ni dai na ga ya ci daga wajen da wari ba ya kaiwa. Muka samu labari yana son barin Challawa, don amaryarsa ta ce ko ita ko ƙiraga, ta gaji da ƙona turaren wuta kamar gidan biki.

Ranar Talata da hutun rana na tara mutane, kusan mu talatin, kowa da bokitin da inji ya lalata yana kaɗawa, muka nufi ofishin manajan ma'aikata. Manajan nan siriri ne mai farin gilashi, ba ya ɗaga murya, in yana magana sai ka matso. Ya fito ya tsaya a kan matakala, hannu a aljihu.

Na buɗe maƙogwaro. "Yallaɓai, mun gaji! Kullum a ci mu, kullum a ci mu, har 'yan adaidaita sun daina karɓar kuɗinmu ranar Asabar don tausayi. A kawo mana ɗan Challawa!"

Ya ce, "Baba, mai kamfani ya ce ba sauran gurbi."

"A yi gurbi! Kamfanin nan cike yake da masu zaman banza. Ko wa za a sallama, a sallama!"

Jama'a suka ɗauka: "A sallama! A sallama!" Bokitai suka yi ta tashi. Ranar na koma get ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe.

Washegari manaja ya aiko a kira ni. Ya nuna mini kujera mai laushi, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi. Tun daga nan ya kamata in gane, don shekara ashirin da biyu ko ruwan randa ban taɓa sha a ofishin nan ba.

"Baba Ciyaman, na kai kukanku. Mai kamfani ya amince."

"Alhamdu lillahi!"

"Amma ba za a ƙara mutum ba, sai dai a maye gurbi. Na duba takardun kowa, na nemi wanda shekarunsa suka kai na hutu, wanda kuma aikinsa ɗan ƙwallo zai iya yi ba tare da ya gaji ba. Mutum ɗaya na samu." Ya gyara gilashi. "A get yake."

Na ce, "Na dare?"

"Na rana."

Na ajiye lemon. Ya ci gaba a hankali, kamar mai karanta wa marar lafiya takardar magani: ɗan Challawa zai zo ranar Juma'a bayan masallaci, ya sa hannu kafin huɗu, in koya masa aiki wata guda, sannan a yi mini walimar bankwana, a ba ni agogon bango da baho babba. Ya ce kada in gaya wa kowa, yana so ya zama albishir.

"Ai ku kuka ce ko wa za a sallama, Baba. Wallahi maganar ta burge ni."

Baki shi ke yanka wuya, amma ban taɓa jin wanda ya wasa wuƙar da bokiti ba sai ni.

A gida na gaya wa mai ɗakina. Na zaci za ta yi kuka. Ta ajiye ludayi ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, kana nufin wuni za ka riƙa yi a gidan nan? Da wannan muryar?" Ta ce in san yadda zan yi, ita ba ta shirya ba. Ni ma ban shirya ba. A kan kujerar nan nake sanin wa ya makara, wa ya sayi sabon babur, wa ke zuwa zance wurin mai sayar da awara. Mutum ɗari huɗu ke gaishe ni kafin rana ta yi zafi. A unguwarmu kuwa ko akuyar maƙwabci sai ta ga dama take kallona.

Ranar Alhamis na fi kowa zafi a teburin shayi. Na rantse in ba a kawo ɗan Challawa ba za mu ƙaurace wa fili. Ina faɗa ina kallon kujerata daga nesa.

To a jikin get ɗinmu akwai wata takarda da manajan da kansa ya liƙa tun shekarun baya: ba baƙon da zai shiga sai da takardar izini mai hatimi daga ofis. Rana ta cinye rubutun, ni kuma ban taɓa aiki da ita ba. Masu tallan goro sun shiga, masu neman bayi sun shiga, wata rana har rago ya shiga ya zaga sito ya fito. Ranar Juma'a da safe na samo tsumma na goge ta tas, na ƙara mata ƙusa. Na kuma zare igiyar wayar da ke haɗa get da ofis, na tura ta bayan akwati.

Akwatin nan shi ma yana da labari. Ba a shiga ɗakin inji da waya, kowa a wurina yake bari, in jera su a ciki in kulle. Ranar har da ta koci.

Ƙarfe biyu da rabi adaidaita ta sauke shi. Ya sha farar shadda ta Juma'a, takalman ƙwallo a leda, hotuna a ambulan. Ya yi wanka da turare, amma Challawa na biye da shi a baya kamar inuwa. Ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, sannunku da aiki. Ni ne wanda manaja ya ce in zo."

"Madalla, ɗana. Ina takardar izini?"

"Wace takarda?"

Na nuna masa bango da sandata. Ya karanta, ya fi ni sauri nesa ba kusa ba. Ya ce to a ina ake karɓa. Na ce a ofis. Ya ce to bari ya shiga ya karɓo. Na ce da wace takardar?

Ya sake karanta takardar yana lissafi. Ya ce in kira ofis. Na ɗaga kan wayar, na kara a kunne, na bubbuga, na miƙa masa ya ji da kansa. Shiru kamar maƙabarta. Na ce, "Ka ga irin kamfanin da kake son shiga."

"Bari in kira koci, shi ya ba ni lambarsa."

Ya danna. Nan take akwatin da ke ƙarƙashin gwiwar hannuna ya ɓarke da waƙar coci, da ganga da tafi. Na hau tari. Na yi tari irin wanda ban taɓa yi ba, ina buga akwatin da tafin hannu wai ƙirjina nake nema. Ya kira sau uku, na yi tari sau uku. Yaron kirki, sai ya bar kiran ya ruga ya sayo mini ruwan leda.

Wannan ruwan ya fi lemon manaja yi mini ɗaci. Ya tsuguna gefena yana yi mini fifita da ambulan ɗin hotunansa, yana cewa ya ji labarin yadda na tsaya masa, wai har Challawa ana maganar wani dattijo da ya tayar da kamfani guda saboda shi. Ya ce amaryarsa ta ce a gaishe ni. Ya ce yau ta share ɗaki ta fitar da kaskon turare waje, don ta san an gama da ƙiraga.

Kunya ta kama ni, amma ba ta kai ta ɗaga ni daga kujera ba. Na duba agogo, uku da minti biyar. Na tuna kamfanin biskit na Bompai su ma suna kukan lamba tara, kuma manajansu ba ya wasa da ƙwallo.

Na ce, "Ɗana, zan gaya maka gaskiya don Allah. Ƙofar da aka bar ka a rana, ba a san darajarka ba. Nan roba ce, wari ne ka baro za ka tarar da ƙauri. Ka san kamfanin biskit na Bompai? Can ko tsintsiyar shara ƙamshin madara take yi. Suna neman irinka ido rufe. In ka tashi yanzu za ka isa kafin huɗu."

Ya ce, "Baba, ba za ku ji haushi ba?"

"Zan daure."

Da kaina na tsayar masa da adaidaita, na ce wa direban ya bi ta inda babu cunkoso, in ya ga tirela ya shige ta ƙarƙashinta. Ban koma na zauna ba sai da na ga sun sha kwana.

Huɗu saura minti goma manaja ya fito da fom a hannu, yana duba hanya.

"Baba, ba wanda ya zo nemana?"

"Wani ya zo, Yallaɓai. Ba shi da takardar izini." Na nuna bango. "Dokarku ce, ni ɗan bi ne."

Ya kalli takardar da ke ta sheƙi da sabuwar ƙusa. Ya leƙa ɗakin gadi, ya ga jelar igiyar waya ta leƙo daga bayan akwati. Ya cire gilashi ya goge, ya mayar. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini.

"Haka ne. Doka doka ce. Ba ni katinka in duba wani abu."

Na ba shi. Ya ɗora fom a kan akwatin wayoyi ya yi ɗan rubutu, ya ɗauki hoto, ya miƙo mini katina. Jiniyar ƙarfe huɗu ta yi kuka. Na shafa kujerata na ce a raina, kin tsira.

Ranar Litinin aka aiko da jerin 'yan wasa in liƙa a get. Na liƙa da hannuna, jama'a suka taru. Ni karatuna a hankali yake, ina lamba huɗu na ji bayana ya yi tsit. Ina lamba bakwai wani ya fashe da dariya. Da na kai tara, sai na ga suna wanda ko aji ɗaya na tsaya zan gane shi.

Ba zan iya kwatanta tashin hankalin ranar ba. Gola uku, ga kuma lamba tara mai shekara sittin da ɗoriya da ciwon gwiwa. Ba wanda ya san abin da ya faru a get, kowa manaja yake tsine wa. Suka ce, "Ciyaman, ka ga wulaƙancin da aka yi mana? An bar ɗan Challawa an sayo gyatumi! Tashi ka ja mu!" Ba yadda zan yi, aikina ne. Na ɗauki bokiti na shiga gaba, muka je ƙofar ofis ina rera "Ba ma son tsoho!" suna amsawa. Manaja ya leƙo ta taga ya ɗaga mini hannu.

Ashe akwai wata dokar gasar da ban sani ba: duk wanda sunansa ke fom sai ya zo fili cikin kayan wasa, in ba haka ba a zabtare wa kulob maki. Haka na fara zuwa kowace Asabar da gajeren wando, ƙafafuna kamar sandunan rake da aka shanye. Mai ɗakina ta ce in riƙa sa doguwar riga a kai har sai na bar unguwa.

Wasa na uku muka haɗu da 'yan biskit. Yaron ya yi ƙiba, fuska na sheƙi. Yanzu da ba wari 'yan bayanmu sun matso kusa da shi sosai, sai aka gane ashe ba warin ba ne. Ya zuba mana uku kafin hutun rabin lokaci, kowane gola namu ya samu rabonsa, don koci canza su yake ta yi ko Allah zai sa a dace. Da ya ci ta ukun bai tafi wajen mutanensa ba. Ya taho a guje har bencinmu, ya durƙusa a gabana, ya kama hannuna biyu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Baba, Allah ya saka da alheri! Ba don shawararku ta ranar nan a get ba, da ban samu wannan wuri ba. Amarya ta ce a kawo muku wannan."

Ya sa aka miƙo kwalin biskit.

Koci ya juyo a hankali. "Baba Ciyaman, wace shawara?" Ya ciro wayarsa. "Ranar da na tarar da kira uku a wayata?"

Na nemi tari, ya ƙi zuwa.

Saura minti goma a tashi, magoya baya suka fara kiran lamba tara, da bokitan da ni na koya musu kaɗawa. Koci ya ce in tashi. Na ce gwiwa. Ya ce gwiwar ta iya tsayar da adaidaita. Na shiga. Sau ɗaya ƙwallo ta taɓa ni, ita ta zo ta same ni a ƙeya ina kallon wani wajen, hulata ta yi gaba ni na yi ƙasa. Alƙalin wasa ya kasa busa usur don dariya.

A teburin shayi aka tsige ni daga ciyaman ba tare da an ƙirga hannu ba. Hukuncin da suka ƙara shi ne a raba biskit ɗin a gabana kada a ba ni ko ɗaya. Mai shayi, wani mutumin Nijar da bai cika magana ba, ya ce shi a ganinsa ni ne ɗan baya mafi ƙarfi da kamfanin ya taɓa yi, tunda ni kaɗai na taɓa tare yaron nan.

Na je wurin manaja na ce ya cire sunana, na tuba. Ya ce ai ba a sallamar ɗan wasan da ke cikin fom, don haka muddin ina lamba tara, get tawa ce. Ranar da na ajiye riga kuwa, agogon bango na nan a ofis, har ya sa masa batir.

Kasuwa ta sake buɗewa sau biyu tun daga lokacin. Duk shekara magoya baya na zuwa ƙofar ofis da bokitai suna neman a sayar da ni, ba kamfanin da ya taɓa taya ko da buta. Ni kuma duk ranar Juma'a da yamma nakan wanke gajeren wandona in shanya a bayan ɗakin gadi, inda ba mai gani, in dawo in zauna a kujerata in gyara mata bulo.